Tankin da Ba Ya Cikin Rajistar Kowa: Nazarin Fashewar St. Louis ta 2017 da Aikin Sufeton Tukunyar Tururi

Da misalin ƙarfe 7:20 na safiyar Litinin, 3 ga Afrilu, 2017, gindin wani tankin ƙarfe ya ɓalle a masana'antar kwali ta Loy-Lange da ke birnin St. Louis, a jihar Missouri ta Amurka. Tankin dogo ne siriri, a tsaye yake. Tsawonsa ƙafa 17 da rabi, faɗinsa inci 30, nauyinsa wajen kilo 900 in babu komai a ciki. Ya fasa rufin ɗakin ya yi sama kamar roka, ya kai kimanin ƙafa 425, ya fi daƙiƙa goma bai sauko ba, sannan ya faɗo ta rufin wani kamfanin wankin kayan asibiti mai suna Faultless Healthcare Linen, nisan kusan ƙafa 520 daga inda ya tashi. Mutum ɗaya ya mutu a masana'antar kwalin. Uku suka mutu a inda tankin ya sauka, cikinsu har da mata da miji da suka zo cike takardun kama aiki a ranar. Waɗannan bayin Allah ba su ma san da wani tanki a unguwar ba, balle su san halin da yake ciki.

Hukumar gwamnatin tarayya mai binciken haɗurran sinadarai a masana'antu, wadda ake taƙaita sunanta da CSB, ta shafe shekara biyar tana bin diddigin lamarin, ta fitar da rahotonta na ƙarshe a watan Yulin 2022. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne mutumin da babu shi a ciki, wato sufeton tukunyar tururi na jiha. Aikinsa irin aikin nan ne da ba a ganinsa in an yi shi daidai, domin tukunyar da ba ta fashe ba ba ta shiga jarida. Hanya mafi sauƙi ta gane abin da yake yi ita ce a duba wurin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Abin da tankin ke yi

Kwalin da ake yin katan da shi, mai lanƙwasasshiyar takarda a tsakiya, da zafi ake yin sa. Tururi ke ɗumama manyan rodin da ke lanƙwasa takardar, shi ne kuma ke sa gam ɗin sitaci ya kama. In tururin ya gama aikinsa sai ya koma ruwa. Ruwan nan da sauran zafinsa, an kuma riga an kashe kuɗi wajen tace shi, don haka asara ce a zubar. Tankin da ya fashe shi ke tara wannan ruwa, ya riƙe shi da zafinsa da matsinsa, a sake tura shi cikin injinan da ke dafa tururin.

Ke nan ba tukunya ba ce. Babu wuta a ƙarƙashinsa, ba ya ruri, ba ya hayaƙi. A ɗakin tururi ido yakan tafi inda wuta take, irin wannan tanki kuwa sai ya zama kamar ginshiƙin ɗaki, ana wuce shi ba a kallo. Amma a safiyar nan akwai ruwa kimanin galan 510 a cikinsa, wato kusan lita 1,900, zafinsa ya kai digiri 165 a ma'aunin Salshiyos, matsinsa kuma wajen fam 100 a kan kowane inci murabba'i.

Nan ne wanda bai saba da harkar ba yakan ruɗe. Ruwa a buɗaɗɗen wuri yana tafasa a digiri 100, ba ya wuce nan. In aka kulle shi aka matse, sai ya ci gaba da shan zafi bai tafasa ba. Zafin yana nan a ajiye cikin ruwan, matsi ne kawai ya danne shi. Da zarar jikin tankin ya tsage matsin ya kuɓuce, wajen kashi ɗaya cikin takwas na ruwan zai rikiɗe tururi a ƙiftawar ido, tururi kuwa yana neman wurin da ya ninka na ruwa sau 1,600 da ɗoriya. Masu binciken sun ƙiyasta ƙarfin fashewar da na kusan kilo 160 na nakiyar TNT. In mutum ya yi lissafin faɗin gindin da matsin da ke kansa, zai ga nauyin da ke tura wannan farantin ƙarfe ya haura tan 30. Haka yake ɗauke da shi kullum, tun daga tayar da inji har tashi daga aiki.

Abin da ya ci ƙarfen kuwa tsatsa ce daga ciki. Ruwan sanyi yana ɗauke da iskar oksijin narke a cikinsa, oksijin ɗin nan in ya haɗu da ƙarfe mai zafi sai ya riƙa haƙa masa ƙananan ramuka, kamar yadda gara ke cin itace ta bar bayansa sumul. Maganin abin sananne ne: a dafa ruwan da za a ƙara har iskar ta fita, a zuba sinadarin da ke kama ragowar, a kuma riƙa gwada ruwan. CSB ta gano cewa yadda ake tayar da injinan a masana'antar yakan sa ruwa mai oksijin ya shiga tankin, kuma kamfanin ya san da matsalar tsatsa da yoyo tun wajen 2004. Shekara goma sha uku ke nan kafin fashewar.

Daga ina sufeton ya samo asali

Dokokin tukunyar tururi a Amurka gawarwaki ne suka haife su. A ranar 27 ga Afrilu, 1865, jirgin ruwan Sultana ya fashe a kogin Mississippi, kusa da Memphis, mutum sama da 1,100 suka mutu, yawancinsu sojojin da aka sako daga zaman fursunan yaƙi. Kwanaki kaɗan kafin nan, a Vicksburg, an ga ɗaya daga cikin tukwanensa na yoyo. Mai gyara ya ce a sauya farantin, kyaftin ya ce a yi faci kawai, don kada ya rasa lodin sojojin. Har yau masana na jayayya ko facin ne ya fara buɗewa ko ƙarancin ruwa da yawan lodi ne suka jawo abin, amma mai karatu ya riƙe wannan labarin facin, za mu sake haɗuwa da shi. Shekara guda bayan haka, a 1866, aka kafa kamfanin Hartford Steam Boiler, wanda ya haɗa inshora da duba tukunya a hannu ɗaya, bisa hujja mai sauƙi: wanda zai biya diyya ya fi kowa son kada a fashe.

Gwamnatocin jihohi ba su motsa sosai ba sai da masana'antar takalma ta Grover da ke Brockton, a jihar Massachusetts, ta fashe a ranar 20 ga Maris, 1905. Tukunyar ta ratsa hawa-hawan ginin, gini ya rufta, gobara ta biyo baya, mutum 58 suka mutu. Wata ta sake fashewa a Lynn a Disambar 1906. A 1907 Massachusetts ta kafa hukumar tsara ƙa'idojin tukunya, Ohio ta bi sahu a 1911. Sai kuma wata matsalar ta ɓullo, kowace jiha da tata ƙa'ida, tukunyar da ta halatta a nan ta haramta a can. Ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, ASME, ta rubuta ƙa'idar ƙira guda, bugun 1914, wanda ya fito a 1915. A 1919 shugabannin sufetocin jihohi suka kafa tasu majalisar, National Board, mai hedikwata a Columbus ta jihar Ohio.

Rabon aikin har yau haka yake. ASME ce ke faɗin yadda za a ƙera tukunya ko tanki. Littafin National Board, wanda ake kira NBIC, shi ke faɗin yadda za a girka, a duba, a gyara. Amma duka biyun ba doka ba ne sai jiha ko birni ya ɗauka ya mayar da su doka. Gwamnatin tarayya ba ta da wata doka guda da ke aika sufeto ya duba kowace tukunya a ƙasar. Shi ya sa abin da ke kare mutum ya danganta da inda yake tsaye a taswira.

Yadda ziyarar sufeto take

A jihar da ke da cikakken tsari, akwai babban sufeto, akwai mataimakansa masu cin albashin jiha, akwai kuma sufetocin kamfanonin inshora da jiha ta ba izinin dubawa a madadinta. Waɗannan na ƙarshe su ke yin kaso mai yawa na aikin, rahotonsu kuwa ofishin babban sufeto yake zuwa. Kowannensu sai ya ci jarrabawar National Board ya sami takardar izini, bayan ya nuna ilimi da gogewa a harkar. Da yawansu tsofaffin masu tuƙa tukunya ne, ko masu walda, ko waɗanda suka yi aikin ɗakin inji a jiragen ruwa.

Aikin yana farawa ne da lamba. In an girka sabon abu, sufeto ya zo ya karanta farantin da ke manne a jikinsa: wa ya ƙera, wace shekara, iyakar matsin da aka yarda ya ɗauka, hatimin ASME, lambar rajistar National Board. Sai ya buga masa lambar jiha. Daga ranar abin ya shiga littafi, kuma littafin ne zai riƙa tuna wa ofis cewa lokacin dubawa ya yi, ko mai shi ya tuna ko ya manta. Tukunyar da tururinta ya wuce fam 15 ana ɗaukarta mai babban matsi, galibi duk shekara ake duba ta ciki da waje. Ƙananan tukwanen ɗumama gini da tankunan matsi sukan sami tazarar shekara biyu ko uku, gwargwadon dokar jihar. In babu takardar shaidar dubawa mai rai, haramun ne a kunna.

Dubawar waje ana yin ta tukunya na aiki. Sufeto ya dubi gilashin da ke nuna tsayin ruwa, ya sa a buɗe magudanarsa ya ga ko ruwan ya sauka ya dawo da sauri, don gilashin da ya toshe yakan nuna ruwa alhali tukunya ta bushe. Ya sa a gwada na'urar da ke kashe wuta in ruwa ya yi ƙasa, ya tsaya har ya ji wutar ta mutu da kunnensa. Ya duba bawul ɗin kariya: hatiminsa na nan ko an karya, matsin da aka saita shi a kai bai wuce na farantin tukunya ba, girmansa ya isa fitar da duk tururin da tukunyar ke iya dafawa, babu wani famfo da aka sa tsakaninsa da tukunyar, bututun fitarsa ba a toshe ba. Ya leƙa ƙasa ya ga ko akwai jiƙa, ko farin gishiri-gishirin da ruwa kan bari in ya ƙafe, ko jan zanen tsatsa da ya biyo ta ƙarƙashin rufin auduga. Ya buɗe littafin masu aiki ya karanta sakamakon gwajin ruwa na watanni.

Dubawar ciki ta fi wuya, ita ce kuma masu masana'anta ba sa so, don sai an tsayar da aiki. A kashe wuta, a bari ta huce, a zubar da ruwa, a rufe duk bawul ɗin da ke haɗa ta da sauran layi a sa kwaɗo, a buɗe ƙofofin shiga, a gwada iskar ciki. Sannan sufeto ya sa kai, wani lokaci ya shige gaba ɗaya da rarrafe, da tocila da madubi da ƙaramar guduma. Akwai dabarar da ake koya wa kowane sabon shiga: kada ka haska ƙarfe kai-tsaye, kwantar da tocilar a jikinsa hasken ya bi fuskar farantin, nan take kowane rami da kowane kumburi zai fito da inuwarsa. Gudumar kuwa ta sauraro ce. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa ƙal, wanda ya sirance yana amsawa a dakushe. Inda ya yi shakka, ko inda jiki ba ya shiga, sai a kawo na'urar auna kauri da sautin da kunne ba ya ji. A kankare fenti, a shafa ɗan mai, a ɗora kan na'urar, lamba ta fito. A kwatanta lambar da mafi ƙarancin kaurin da lissafi ya ce matsin na buƙata, a kwatanta ta da ta bara don a san gudun da tsatsar ke yi. In ana son tabbatar da ƙarfin jiki bayan gyara, sai a cika abin da ruwa mai ɗan ɗumi a matsa shi da famfo. Da ruwa ake yi ba da iska ba, domin ruwa ba ya matsuwa, in wuri ya tsage sai dai ya yi tsartuwa.

Bayan duk wannan akwai abin da ya bambanta shi da duk wani gwani mai ba da shawara. Zai iya rage matsin da aka yarda a yi aiki da shi. Zai iya ba da wa'adin gyara. In ya ga haɗari na kusa, zai iya dakatar da takardar shaida ya ce a kashe yanzu, ko manaja na so ko ba ya so. Shi ba ya jiran oda ta fita, ba kuma manajan ke biyan albashinsa ba.

Gibin da ke St. Louis

Missouri tana da irin wannan tsari. Sashen kula da tukwane da tankunan matsi yana ƙarƙashin hukumar kiyaye gobara ta jihar, yana bin ƙa'idojin ASME da NBIC. Da masana'antar nan tana wani gari a wajen birnin, tankin zai kasance cikin waɗanda sufeto mai izini ke dubawa lokaci-lokaci. Amma dokar jihar ta bar wa birnin da ke da nasa tsarin ya riƙe ikonsa, St. Louis kuwa a lokacin tana cikin masu riƙe da nasu. Ikon sufeton jiha a bakin iyakar birnin ya tsaya.

A aikace, tsarin birnin ya jingina ne da abu biyu: izinin da ake nema lokacin girkawa ko gyara, da kuma sharaɗin cewa sai masu lasisin birni ne za su tuƙa tukunya. Loy-Lange tana da masu lasisin. Izinin kuwa, CSB ta gano ba a taɓa nema wa tankin ba, ba a taɓa yi masa rajista da birnin ba, babu kuma wata shaida cewa birnin ya taɓa duba shi.

Hujjar irin wannan tsari ba ta wauta ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ke tsaye gaban tukunya awa takwas a rana ya fi baƙon da ke zuwa sau ɗaya a shekara sanin halinta. Gaskiya ne. Sai dai a wannan lamari sani bai taɓa zama matsala ba, kowa ya san tankin na yoyo. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce a tsaya kuma maganarsa ta zauna. Mai lasisin ma'aikacin kamfani ne. Zai iya faɗa wa na sama da shi, zai iya rubutawa a littafi, amma tsayar da tururi tsayar da masana'anta ce baki ɗaya, wannan kuwa ba hukuncin da ƙaramin ma'aikaci ke yankewa ya kwana lafiya ba ne. Ga kuma abu na biyu da ba a cika faɗa ba: idon da ke ganin abu kullum yakan saba da shi. Yoyon da aka toshe sau biyu ba abin da ya faru, a karo na uku ba ya tayar wa kowa hankali.

Facin 2012

A watan Nuwambar 2012 gindin tankin ya yi yoyo, aka kira kamfanin gyara. Gindin irin wannan tanki kamar ƙwarya yake, an haɗa bakinsa da jikin tankin da walda. Masu gyaran suka yanke tsakiyar ƙwaryar suka sa sabon ƙarfe, suka bar zoben tsohon ƙarfe mai faɗin kusan inci shida a kewaye, suka yi waldar sabon a jikinsa. Zoben nan ruwa ɗaya ya sha da tsakiyar da aka cire, shekaru ɗaya. Bayan kwana 25 kamfanin gyaran ya aiko da tayin sauya gindin gaba ɗaya. Ba a karɓi tayin ba, ba a yi aikin ba. Labarin Vicksburg ya maimaita kansa bayan shekara 147: mai gyara ya san abin da ya kamata, mai kaya ya zaɓi faci.

Ƙa'idar NBIC a nan ba ta da lauje cikin naɗi. Gyaran walda a jikin abin matsi sai kamfanin da ke da hatimin gyara na National Board, mai harafin R. Kafin a fara, sufeto ya amince da tsarin aikin. Dole a cire duk ƙarfen da ya lalace har a kai ga lafiyayye, kayan da za a sa kuma su dace da ƙirar asali. A ƙarshe a cike fom ɗin R-1, kamfani ya sa hannu, sufeto ya sa hannu.

Wannan ne wurin da labarin ke hana ni yi wa sufetoci kirari yadda nake so. Domin a gyaran 2012 akwai sufeto. Ba na jiha ba ne, na wani kamfanin dubawa ne mai zaman kansa, amma mai izini ne, kuma CSB ta ce gyaran bai cika ƙa'ida ba, shi kuwa bai gano ba, ya amince da shi. Idon sufeto ya sauka a kan gyaran gindin tankin nan, kuma damar ta wuce. A ganina sa hannun da bai biyo bayan awo ba ya fi rashin sa hannu muni, domin yana kwantar da hankalin da ya kamata ya kasance a tashe. Daga ranar manaja yana da takarda a fayil mai cewa an gyara, an duba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ladan sufeto kuwa shi ne amanar da ake ba sa hannunsa.

Duk da haka, tsarin dubawa na lokaci-lokaci an gina shi ne da sanin cewa mutum ɗaya zai iya kuskure. Tsakanin Nuwambar 2012 da Afrilun 2017 akwai shekara huɗu da wata huɗu da 'yan kwanaki. Ko da tazarar shekara biyu ake bi, da sufeto ya tsaya gaban tankin sau biyu. Da ya ga layin walda a gindi ya tambayi takardar gyaran. Da ya ji tarihin yoyo tun 2004. Tanki mai irin wannan tarihi, duk sufeton da ya san aikinsa zai ce a kawo na'urar auna kauri, inda zai fara ɗora ta kuwa shi ne tsohon ƙarfen da ke gefen sabon. Ba zan ce tabbas da an tsira ba. Amma awon minti goma ne, na'urar kuma tana shiga aljihu.

Bawul ɗin kariya, wanda mutane ke ɗauka shi ne mai gadin ƙarshe, ba shi da abin yi a nan. Aikinsa ya buɗe in matsi ya wuce iyaka. A St. Louis matsi bai wuce iyaka ba, ƙarfen ne ya sirance har matsin yau da kullum ya fi ƙarfinsa. Babu na'urar da ke jikin tankin da za ta yi ƙara saboda haka. Sai an aiko mutum ya auna.

Daga Juma'a zuwa Litinin

Ranar Juma'a, 31 ga Maris, 2017, masu aiki suka ga ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin tankin. Aka kira kamfanin gyara, aka sa ranar Litinin da rana za a zo a duba. Litinin da sassafe aka tayar da injinan kamar kullum. Matsi ya riƙa hawa, yana gab da kaiwa inda ake aiki da shi, zoben ya sake. Saura 'yan awoyi mai gyara ya iso.

Yoyo a jikin abin matsi ba kamar yoyon bokiti ba ne. In ruwa ya sami hanyar fita ta cikin farantin ƙarfe, ma'anarsa a wannan wurin kauri ya ƙare, abin tambaya kawai shi ne yaya maƙwabtansa suke. A inda tsarin jiha ke aiki, tanki mai lamba da takardar shaida yana da wanda za a buga wa waya, sufeton inshora ko ofishin babban sufeto, amsar da za su bayar kuma sananniya ce: kada a sake sa masa matsi sai an duba. Mai lasisin da ke jin tsoro a ransa yakan sami mafaka a wannan amsa, ya ce wa manaja ba ni na hana ba, doka ce. A safiyar Litinin ɗin nan babu irin wannan waya da za a buga.

Abin da rahoton ya nema

CSB ta karkasa shawarwarinta ga duk waɗanda igiyar ta ratsa hannunsu. Kamfanin kwalin ya kafa tsarin kula da lafiyar kayan aikinsa a rubuce, da matakin da za a ɗauka in an ga yoyo. Majalisar birnin St. Louis ta gyara dokarta yadda za a riƙa duba tankunan matsi lokaci-lokaci ta hannun sufeto mai izinin National Board. Kamfanin dubawar ya ƙarfafa ƙa'idojin da sufetocinsa ke bi kafin su amince da gyara. National Board kanta ta fayyace a littafin dokokin sufetocinta abubuwan da dole sufeto ya tabbatar kafin ya sa hannu, kada a bar komai ga ganin damarsa. Hukumar ba ta da ikon cin tara ko tilasta wa kowa, shawara kawai take bayarwa. Maganar diyya a kotu aka yi ta, inda a 2019 aka sasanta da iyalan mamatan da waɗanda suka jikkata a kan dala miliyan 47.

Shawarar da aka ba National Board ita ce na fi tsayawa a kai, don ta taɓo tsohuwar jayayya a cikin sana'ar. Tsofaffin sufetoci na ganin aikin na ido ne da gogewa, jerin abin dubawa a takarda yana mayar da mutum mai cika gurbi, ya duba abin da aka lissafa ya manta da wanda ba a lissafa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma gogewa ba ta bar wa kowa shaida, ba a kuma iya bin sawunta bayan shekara biyar a ga me aka auna me aka tsallake. Da fom ɗin 2012 yana da layin da ke neman a rubuta kaurin ƙarfen da aka bari, da lamba, da ko dai an auna an ga abin da ke nan, ko kuma wani ya rubuta ƙarya da hannunsa. Mutane da yawa da za su iya kau da kai ba za su iya rubuta ƙarya ba.

Da masu bincike suka tattara ɓaraguzan suka duba gindin tankin, sun tarar tsagar ba ta bi ta sabon ƙarfen 2012 ba. Tsohon zoben nan mai inci shida ta bi, ta zagaye shi kaf.